Jimla ta 7 da sauran ciwon kai: kundin gwada ma'aunin buƙatun ɗaliban jami'a

3 ga Satumba

Malam ya ce in riƙa rubuta duk abin da na yi da ranarsa, domin ranar kare aiki ba a karɓar "ina jin haka na yi". To ga shi na fara.

Takardar tambayoyi nake son ginawa, gajeriya, wadda za ta auna ko ɗalibin jami'a yana samun biyan wasu buƙatu uku na zuciya a harkar karatunsa. Ba ni na ƙirƙiro buƙatun ba. Daga ka'idar Edward Deci da Richard Ryan suka fito, wadda suka shimfiɗa a 1985 suna Jami'ar Rochester a Amurka, suka sake taƙaita ta a 2000. Ni ina kiranta ka'idar jan ragamar kai. Abin da take cewa shi ne, kamar yadda jiki ba ya yi sai da ruwa da barci, haka zuciya ba ta yi sai da abu uku: 'yancin zaɓi, jin cewa ka iya, da kusanci da mutane.

Akwai ma'aunai tuntuni. Akwai tsohon nan mai jimla 21, akwai na Sheldon da Hilpert mai 18 na 2012, akwai na Beiwen Chen da Maarten Vansteenkiste da abokan aikinsu mai 24 na 2015. Asalinsu rayuwa gaba ɗaya suke tambaya. Ni kuwa lacca nake so, da aikin gida, da malamai, da 'yan aji. Na ga na 2015 ya raba kowace buƙata gida biyu, biyan ta da tauye ta, gida shida ke nan. A ganina tsawaita zance ne. Gida uku sun ishe ni.

9 ga Satumba

Na gama rubuta jimla 36, kowace buƙata 12. Amsa mataki biyar, irin tsarin da Rensis Likert ya kawo a 1932, daga "ko kusa ba haka ba ne" zuwa "haka ne sosai". Na sa wasu jimlolin a juye, misali "Ina jin ni baƙo ne a cikin 'yan ajinmu", don kada mai amsawa ya sake jiki ya yi ta danna 5 har ƙasa.

12 ga Satumba

Na miƙa takardu ga kwamitin ɗa'ar bincike. Na aika jimlolin ga masana shida.

24 ga Satumba

Kwamiti ya dawo mini da takardu. Da farko raina ya ɓaci, amma da na karanta sai na ga suna da gaskiya. Na haɗa PHQ-9, ma'aunin ƙuncin rai mai tambaya tara, a cikin ƙunshin don in ga yadda ma'aunina zai yi alaƙa da alamomin ƙuncin rai, alhali tambaya ta tara a cikinsa kan tunanin mutuwa ko cutar da kai take. Suka ce, ɗalibi ya amsa eh a takardar da ba suna a kanta, sai ki yi yaya? Ba ni da amsa. Na koma PHQ-8, wanda shi ne PHQ-9 ɗin aka cire waccan tambayar, na kuma ƙara bayanin inda ɗalibi zai sami mai ba da shawara a shafin ƙarshe. Ɗaya ma'aunin da zan jingina da shi, na gamsuwa da rayuwa mai jimla 5 da Ed Diener da abokan aikinsa suka fitar a 1985, ba su taɓa shi ba.

Mako biyu ke nan za su sake tafiya.

30 ga Satumba

Masana shidan duk sun amsa, na ƙarshen sai da na tuna masa sau uku. Kowa ya ba kowace jimla maki 1 zuwa 4 kan dacewarta da buƙatar da aka ce tana aunawa. Hanyar da Mary Lynn ta tsara a 1986 na bi: a ƙirga waɗanda suka ba da 3 ko 4, a raba da yawan masanan, a nemi 0.78 ko sama. Da mutum shida, biyar sun yarda ya ba da 0.83, an tsallake. Huɗu kuwa 0.67 ne, an faɗi.

Tara sun faɗi. Saura 27: 'yancin zaɓi 9, iyawa 10, kusanci 8, kowane rukuni da jimla uku a juye.

Jimla ta 7 ta tsallake da ƙyar, biyar cikin shida. Ita ce: "Ni nake yanke shawarar karatuna ba tare da kowa ya sa mini baki ba." Malamar da ta ƙi ta ta rubuta a gefe cewa wannan cin gashin kai take aunawa, ba abin da ka'idar take nufi ba. Na bar ta tun da lissafi ya wanke ta. Gaskiya kuma ina son jimlar, ita ce ta fi mini daɗin karantawa.

8 ga Oktoba

Izini ya fito.

10 zuwa 14 ga Oktoba

Na zauna da ɗalibai takwas, ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya karanta jimla da ƙarfi, ya faɗa mini abin da ya fahimta, sannan ya zaɓi amsa ya ce me ya sa. Kowane zama kusan minti arba'in. Ban taɓa zaton a nan zan fi ƙaruwa ba.

Jimla ta 15 ashe tambaya biyu ce a riga ɗaya: "Ina fahimtar darasi kuma ina iya bayyana shi ga wasu." Wani ya ce yana fahimta sarai, amma bakinsa ba ya buɗuwa a gaban mutane, wanne zai zaɓa? Na yanke rabin ƙarshe. Kalmar "malamai" ma ta kawo gardama: uku sun tambaya, duka ko wanda ya fi damuna? Na mai da ita "yawancin malamaina". Sai kuma maganar lokaci. Wasu da zangon da ya wuce suke amsawa, wasu da safiyar ranar. Na rubuta a saman kowane shafi: "a cikin mako huɗu da suka wuce".

A jimla ta 7 mutum biyu sun tsaya. Wata 'yar aji uku ta ce ita yayanta ne ya ba ta shawarar kwas ɗin da take yi, tana kuma son sa kamar me, ba ta taɓa jin an tilasta mata ba. Amma tun da an sa mata baki, 1 za ta zaɓa. Na rubuta maganarta, na ja layi a ƙasa, na wuce. Biyu cikin takwas ne kawai, na ce wa kaina.

17 ga Oktoba

Bugu. Kwafi 400, shafi huɗu kowanne, gaba da baya, ya kama takarda 800, rim biyu ba su ƙare ba. Tawadar injin ce ta fi cin kuɗi. Bugu da ɗan abin da zan ba mataimaka biyu sun lashe kusan rabin abin da na ware wa aikin duka. Na kuma shirya fom na intanet mai tambayoyi iri ɗaya. A tsakiya na saka tarko guda: "Don nuna kana karantawa, zaɓi 2 a nan."

20 zuwa 31 ga Oktoba

Rabo da karɓa. Inda malami ya ba mu minti goma sha biyar a farkon lacca, takardu sun dawo cike. Inda aka ce sai ƙarshe, rabin aji sun riga sun kai ƙofa. A wani aji malamin ya tsaya yana zagayawa tsakanin kujeru, alhali takardar tana tambayar ko malamai suna sauraron ɗalibi. Na roƙe shi cikin ladabi ya ba mu wuri, ya fita, amma an riga an cike shafin farko. Na yi wa wannan ɗaurin alama don in duba shi daban.

3 ga Nuwamba

Takarda 371 sun dawo, intanet 243, jimilla 614. Na cire 52: waɗanda suka faɗa tarkon, waɗanda suka ja lamba ɗaya tun daga sama har ƙasa har da jimlolin da ke juye, da waɗanda suka bar shafi guda fari. Saura 562. Na raba su biyu da ƙuri'ar kwamfuta, 281 kowane ɓangare, ɗaya don lalube rukunan da jimlolin ke faɗawa, ɗaya don tabbatar da su. Ana yawan cewa a sami mutum goma kan kowace jimla, wato 270 a wurina. Ba doka ba ce, amma na haye ta.

6 ga Nuwamba

Yau na sha wuya, kuma da hannuna na jawo.

Na fara da alfa na Cronbach don in ga ko jimlolin kowane rukuni suna tafiya tare. Ana neman 0.70 ko sama. Na kusanci ya fito ƙasa da 0.30. Na sake gudanarwa, haka. Na rufe R, manhajar da nake lissafi da ita, na sake buɗewa, na sabunta kunshin lissafin, har na fara zargin kwamfutar. An bar jaki ana dukan taiki. Sai wajen tsakar dare na raba bayanan gida biyu, na takarda da na intanet. Na intanet lafiya lau. Na takarda ne a hargitse.

Da safe na kira wanda ya shigar da su. Ya ce ai da ya ga jimlolin da na yi wa tauraro a juye suke, sai ya taimaka mini ya juya makinsu tun wajen shigarwa, 5 ta koma 1, 4 ta koma 2. Ni kuma umarnin da na rubuta a R ya sake juya su duka. Juyi biyu, an koma gidan jiya. Ba laifinsa ba ne, ban ba shi rubutacciyar ƙa'ida ba, da baki na yi masa bayani muna tafiya. Na gyara, sannan na zaro takarda 40 ba zaɓe na gwada da abin da ke kwamfuta, kuskure biyu kawai na samu. Daga yau fayil na asali ba mai taɓa shi, kowane gyara a cikin rubutaccen umarni zai zauna.

Bayan gyara duka ukun sun haura 0.70. Na 'yancin zaɓi ne ya fi ƙasa, kuma lissafi ya nuna zai ƙaru idan aka cire jimla guda. Ba sai na faɗi wacce ba.

10 ga Nuwamba

Lalube a ɓangaren farko. KMO, wanda ke duba ko bayanan sun dace da irin wannan lalube, ya wuce 0.60 da nisa, gwajin Bartlett mai duba ko jimlolin suna da alaƙa da juna ma ya ba da hanya. Da yake amsoshin matakai ne ba awo na santimita ba, na yi amfani da alaƙar folikorik, wadda aka yi don irin waɗannan amsoshi. Wajen juya ginshiƙai, wato rukunan da lissafi ke tara jimloli a cikinsu, na zaɓi oblimin, hanyar da ke barin su su yi alaƙa da juna, domin ba wanda zai ce iyawa da kusanci ba ruwan juna.

Tsohuwar ƙa'idar Kaiser, ta riƙe duk ginshiƙin da ƙimarsa ta haura 1, ta ba ni shida. An san ta da yawan zari, don haka ban damu ba. Gwajin kwatance na John Horn na 1965, wanda ke gwada bayananka da na bogi da kwamfuta ta ƙirƙira, ya ba ni huɗu. Ni uku na gina.

Da na duba na huɗun sai jikina ya yi sanyi. Jimloli taran nan da ke juye ne suka bar gidajensu suka taru wuri ɗaya. Ta baƙunta a aji, da ta jin kasawa, da ta jin tilas, duk a layi guda.

12 ga Nuwamba

Kwana biyu ina karatu. Ashe ba ni ce farau ba. A 2010 Mary Johnston da Sara Finney sun gwada ma'aunin nan mai jimla 21 a kan ɗaliban jami'a, tsarin gida uku bai zauna ba sai da suka rage shi zuwa 16, suka kuma ware wa jimlolin da ke juye ginshiƙi na daban a matsayin tasirin salon rubutu. Wannan fassara ɗaya ke nan: mutane suna amsa jimla mai korewa da wani irin hali, ko me take tambaya.

Fassara ta biyu ita ce wadda na yi wa kallon raini ranar 3 ga Satumba. Chen da Vansteenkiste da abokan aikinsu, da ɗalibai daga Beljiyam, Sin, Amurka da Peru, sun nuna rashin biyan buƙata daban, tauye ta daban. Ɗalibin da ba shi da aboki na kusa a aji, da wanda 'yan aji suke ware shi da gangan, ba a hali ɗaya suke ba. Na farko bai samu ba ne, na biyu hana shi ake yi. Idan haka ne, jimlolina na juye ba kishiyar sauran ba ne, wani abu suke aunawa mai zaman kansa, kuma juya makinsu a tara da sauran kuskure ne tun daga tushe.

17 ga Nuwamba

Tabbatarwa a ɓangare na biyu, da lavaan, ƙunshin lissafi na R da Yves Rosseel ya rubuta, da hanyar ƙiyasi WLSMV wadda ta dace da amsoshin matakai. Mizanin da kowa ke ambata na Hu da Bentler ne na 1999, kan alƙaluman da ke nuna yadda tsari ya dace da bayanai: CFI kusa da 0.95 ko sama, RMSEA kusa da 0.06 ko ƙasa, SRMR kusa da 0.08 ko ƙasa.

Gida uku: CFI bai kai 0.90 ba, RMSEA ya haura 0.08. Ya faɗi warwas. Gida uku da ginshiƙin salon rubutu: ya gyaru sosai. Gida shida: shi ma ya gyaru, kusan kunnen doki da na biyun. CFI ɗin su biyun ya tsaya tsakanin 0.90 da 0.95. A kowane tsari jimla ta 7 ba ta kai nauyin 0.40 ba, wato ba ta manne wa ginshiƙinta sosai ba, kuma ita kaɗai a rukuninta take da alaƙa ta kishiya da kusanci. Wato wanda ya ce ba mai sa masa baki, sau da yawa shi ne wanda ba shi da kowa.

18 ga Nuwamba

Na je wurin Malam da jerin gyare-gyaren da lavaan ya ba da shawara. Na ce, "Malam, idan na haɗa kurakuran jimloli huɗun nan, wato ragowar da ginshiƙi bai bayyana ba, CFI zai haye 0.95."

Ya karɓi takardar ya duba, ya ce, "Ranar kare aiki kwamfutar za ki tura ta yi bayani? Kawo mini dalili daga ma'anar jimlolin. In babu, bar su yadda suke."

Sai ya tambaye ni jimla ta 7, ya ce ba wanda ya yi mini gargaɗi a kanta? Na ce an yi, har sau biyu. Bai ce komai ba, ya miƙo mini takardar. Da faɗa ya yi da ya fi mini sauƙi.

Abin haushin, Deci da Ryan sun daɗe suna nanata cewa abin da suke nufi ba rabuwa da mutane ba ne. Mutum yana iya bin shawarar wani da zuciya ɗaya, yana kuma iya yin gaban kansa a kan dole. A 2003 Valery Chirkov da Ryan da abokan aikinsu sun gwada wannan bambanci da ɗalibai a Koriya ta Kudu, Rasha, Turkiyya da Amurka. Na karanta wannan tun kafin in rubuta jimla ko ɗaya. Sunan da na ba rukunin ne ya ja ni: da na ce "'yanci", sai hannuna ya rubuta jimlar mai ƙin a taɓa shi. Na canza sunan zuwa "yardar kai". Sabuwar jimlar: "Ko da shawarar wani na bi a karatuna, ina jin da yardata na bi."

21 ga Nuwamba

Tun da alƙaluman dacewa sun kasa raba gardama tsakanin tsari na biyu da na uku, na koma ga ma'aunan waje. Idan jimlolin juye salon rubutu ne kawai, bai kamata su faɗi wani abu na musamman ba. Amma su ne suka fi manne wa PHQ-8, jimlolin biya kuma suka fi manne wa gamsuwa da rayuwa, ko bayan an cire tasirin juna. Wannan ya karkata ni ga gida shida. Ba hujja ce yankakkiya ba, domin jimlolin PHQ-8 su ma na ƙorafi ne, mai yiwuwa salon ne ke kiran salo. Zan rubuta hakan ƙarara a babin tattaunawa.

Matsalar gida shida: kowane gidan tauyewa jimla uku kacal gare shi, iyakar abin da ginshiƙi zai tsaya a kai. Na lissafa omega na McDonald, wanda shi ma ke auna tafiyar jimloli tare, tun da alfa yana ɗauka duk jimloli nauyinsu ɗaya, kuma yana kumbura da yawansu. Gidan tauye yardar kai bai kai 0.70 ba. Sai na ƙara jimloli.

25 ga Nuwamba

Ɗaurin ajin da malami ya yi ta zagaye: makin shafin farko ya ɗan fi na sauran azuzuwa, amma mutum 31 ne, cire su bai canza tsarin ba. Na bar su, na rubuta abin da ya faru.

28 ga Nuwamba

Maimaita gwaji. Ɗalibai 90 da suka yarda tun farko sun sake cikewa. Don kada a rubuta suna, na ce kowa ya haɗa lambar sirri daga harafi biyu na farkon sunan mahaifiyarsa da ranar haihuwarsa. Guda 58 kawai suka haɗu da na farko. Wasu sun sa wata a madadin rana, wasu sun canza sunan da suka yi amfani da shi. Da na ba da misali a rubuce da ba a yi wannan asarar ba.

Ga kuma tazara. Mako biyu na tsara, rikicin juyin maki da lalube suka mai da shi huɗu, ya faɗo daidai lokacin gwaje-gwajen tsakiyar zango. Kusanci ya tsaya daram. Iyawa ya sauka. Yanzu ban isa in ce ma'aunin ne ke rawa ko ɗaliban ne jarrabawa ta girgiza ba, domin abin da nake aunawa dama yana hawa yana sauka da yanayi. Wannan zagayen ba zai shiga a matsayin hujja ba.

2 ga Disamba

Na rubuta sababbin jimlolin tauyewa shida, biyu ga kowace buƙata, da sabuwar ta 7. Na rage na iyawa guda biyu da suke maimaita juna. Burina a ƙarshe huɗu-huɗu a gida shida, 24 ke nan, daidai adadin wanda na ce tsawaita zance ne.

Na aika wa masanan. Malamar da ta ƙi jimla ta 7 ita na fara aika wa, da ɗan saƙon ban haƙuri.

5 ga Disamba

Tsarin zango mai zuwa. Zama da ɗalibai goma kan sababbin jimloli, kuma wannan karon ko mutum ɗaya ya yi tuntuɓe a jimla sai na sake duba ta. Gyaran izini daga kwamiti, tun da tambayoyi sun canza. Sabon rukunin masu amsawa, aƙalla 300, daga tsangayoyin da ban shiga ba, domin ba a gyara ma'auni da bayanai sannan a tabbatar da shi da su. Gwada ko jimlolin suna aiki iri ɗaya ga maza da mata, da 'yan aji ɗaya da 'yan ajin ƙarshe, da takarda da intanet, bisa mizanin Cheung da Rensvold na 2002, kada CFI ya sauka fiye da 0.01 daga mataki zuwa mataki. Maimaita gwaji a mako na uku da na biyar na zango, nesa da jarrabawa.

Kuɗin da ya rage bai fi kashi ɗaya cikin huɗu ba. Ba zai ɗauki bugu da mataimaka biyu ba, don haka yawanci ta intanet za a yi, takarda 100 kawai, ni zan shigar da su da kaina.

'Yar aji ukun nan ta amsa saƙona, ta ce za ta zo ranar Talata ta karanta sabuwar jimlar.